Yadda Ake Zaɓen Katalis da Kula da Shi Wajen Mayar da Guggubin Ɗanyen Mai Fetur da Dizal

Duk wanda ya bi hanyar Lekki zuwa Epe da asuba ya ga jerin tankokin da ke jiran lodi, kuma ya san cewa da yawa daga cikin direbobin da yaran motarsu mutanenmu ne, daga Kano da Gusau da Potiskum. Mun daɗe da sanin harkar mai daga bakin tanka zuwa gidan mai, amma abin da ke gudana a bayan katangar matata sai yanzu matasanmu masu karatun injiniyan sinadarai suka fara kutsawa cikinsa da yawa, musamman tun da aka ƙaddamar da matatar Dangote a watan Mayun 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta kuma fara fitar da fetur a watan Satumbar 2024. Wani ɗan abokina da ya gama karatu a Zariya ya same ni a Agege bayan sallar Juma'a yana shirin jarrabawar neman aiki, ya ce, "Kawu, na haddace sunayen katalis ɗin nan duka, amma in aka ce in zaɓi ɗaya, ban san ta inda zan fara ba." Na ce masa ta guggubin zai fara, domin dattin da ke cikin guggubin shi ne ke yanke irin katalis ɗin da za a saya, da yawan da za a riƙa zubawa, da kwanakin da zai yi kafin ya mutu. Bayanin da na yi masa a ranar shi na faɗaɗa a nan, domin shi da sa'o'insa.

Katalis abu ne da ke gaggauta sauyawar wani sinadari zuwa wani ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin aikin ba. A littafi ke nan. A matata kuwa yana toshewa, yana shan guba, yana farfashewa, kuma kullum sai an sayi sabo da dala.

Fara da sanin guggubinka

Idan aka dafa ɗanyen mai a hasumiyar farko, gas da fetur da kananzir da dizal suna tashi su rabu gwargwadon nauyinsu, abin da ba ya tafasa sai zafi ya haura kimanin digiri 360 kuma ya kwanta a ƙasa. Idan aka sake dafa wannan ragowar a hasumiya ta biyu wadda aka zuƙe iskarta, sai a cire wani mai mai kauri daga sama, a bar wani baƙi ƙirin mai kama da kwalta a ƙasa, wanda ba ya tafasa sai a sama da digiri 540. Waɗannan ragowar biyu, ta ƙasan hasumiyar farko da ta ƙasan ta biyu, su ne guggubi. Dangin su ne baƙin man da masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa ƙonawa a tukwanen tururi, da wanda manyan jiragen ruwa ke sha. Kasuwar baƙin mai ba ta kai ta fetur daraja ba tun asali, ta kuma ƙara ƙuntata daga ranar 1 ga Janairun 2020, lokacin da dokar hukumar sufurin teku ta duniya ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man jiragen ruwa, wato salfa, zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Matsalar guggubi ita ce karbon ya yi masa yawa, haidurojin ya yi masa kaɗan, ga shi kuma sarƙoƙinsa dogaye ne, wasu ma dunƙulalle ne. Hanya biyu ce kawai ta gyara wannan: ko a farfasa shi a zare wani kaso na karbon ɗin a matsayin gawayin da ake kira kok, ko a farfasa shi a cusa masa haidurojin. Kowace hanya da nata katalis, kuma ba za ka san wadda ta dace ba sai ɗakin gwaji ya ba ka alƙaluma.

Ka nemi ma'aunin karbon na Conradson, wanda ke nuna yawan gawayin da zai saura idan aka ƙona samfurin babu iska. Ka nemi yawan nikel da banadiyam, kowanne daban, kada a haɗa maka su wuri ɗaya, domin ɓarnarsu ba iri ɗaya ba ce. Ka nemi sodiyam da baƙin ƙarfe da kalsiyam, sannan naitirojin da salfa, sannan asfaltin, wato manyan dunƙulen nan da ke ɗauke da mafi yawan ƙarafan. Ana auna ƙarafan ne da giram a cikin kowane tan, kuma mutum zai iya raina giram goma a tan har sai ya ninka shi da tan dubbai da ke wucewa kowace rana.

A nan Allah ya yi mana sauƙi. Ɗanyen manmu irin su Bonny Light da Forcados da Escravos da Qua Iboe marasa nauyi ne, salfarsu kaɗan ce, guggubinsu ba shi da yawa, kuma ƙarafan da ke ciki ba su kai na ɗanyen man Benezuwela ko na Maya na Meziko ba, waɗanda banadiyam ya yi musu katutu. Sai dai akwai abin lura: a ɗanyen man Najeriya nikel ya fi banadiyam yawa, saboda haka injiniyan da ya kwafo tsarin katalis daga matatar da ke tace man Gabas ta Tsakiya zai biya kuɗin maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Matatar da ke bakin teku kamar ta Legas kuma tana iya karɓar jirgin ɗanyen mai daga Amurka yau, gobe daga wata ƙasa, don haka alƙaluman da aka ba ka a watan jiya ba lalle su yi maka aiki a wannan watan ba. Duk sanda aka sauya haɗin ɗanyen mai, ka sake neman gwaji.

A taƙaice, guggubin da karbonsa na Conradson bai wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba, ƙarafansa kuma giram 'yan gomomi ne a tan, ana iya kai shi kai tsaye sashen farfasawa da ake kira RFCC, wanda ke bin hanyar zare karbon. Wanda ya fi haka datti sai an fara wanke shi da haidurojin, ko a kai shi wata na'ura dabam. Tun da guggubinmu ya fi karkata ga kashin farko, a kan RFCC zan fi daɗewa.

Abin da ke cikin ƙwayar

Ranar da aka fara zuba mini sabon katalis a tafin hannu, ina sanye da safar hannu, na ɗauka garin alabo ne da aka tankaɗe sau uku. Fari ne, ba shi da wari, kuma idan ka karkata hannunka yana gangarowa kamar ruwa, domin kowace ƙwaya mulmulalliya ce, faɗinta kimanin maikiron 70, kusan kaurin silin gashin kai. Wannan santsin shi ne sirrin na'urar. Idan aka hura masa iska ko tururi daga ƙasa, garin yana gudana cikin bututu tamkar ruwa, sai ya zama ana iya zagaya da shi tsakanin wurin da yake aiki da wurin da ake farfaɗo da shi ba tare da an tsayar da na'ura ba. Kafin a gano wannan, a tsarin da Bafaranshe Eugene Houdry ya kawo a shekarun 1930, katalis ɗin a zaune yake wuri ɗaya, ana dakatar da mai a ƙona gawayin sannan a ci gaba. Na'urar farko mai gudanar da gari ta fara aiki a Baton Rouge ta Amurka a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu.

Ga yadda zagayen yake. Ana fesa guggubin mai zafi tare da tururi a gindin wani dogon bututu da ke miƙe, wanda ma'aikata ke kira raiza, inda yake haɗuwa da katalis da ya fito daga wuta yana kusan digiri 700. Nan take man ya zama tururi, ya farfashe, ya yi sama da garin cikin daƙiƙa biyu zuwa huɗu, ya fita a zafin digiri 500 da 'yan kai. A kowane tan na mai, tan biyar zuwa goma na katalis ne ke ratsa bututun. A sama ana raba tururin man da garin, garin da ya yi baƙi da kok a gangarar da shi murhun farfaɗowa, a hura masa iska gawayin ya ƙone, ya dawo gindin raiza da zafinsa. Ka riƙe wannan da kyau: zafin da na'urar ke aiki da shi daga ƙonewar kok ɗin yake fitowa. Guggubi yana yin kok fiye da yadda ake buƙata, murhun ya yi zafi fiye da kima, sai na'urar ta rage yawan garin da take zagayawa da shi don kada raiza ya wuce zafin da aka sa masa, kuma da zarar garin ya ragu, man da ake farfasawa ya ragu. Shi ya sa ake sa wa RFCC na'urar sanyaya katalis wadda ke mayar da rarar zafin tururi, wasu kuma a raba musu murhun hawa biyu. Shi ya sa kuma, a wurin mai sarrafa guggubi, katalis ɗin da ba ya yin kok da yawa ya fi wanda ya fi ƙarfi a takarda.

Kowace ƙwaya haɗin abu huɗu ce. Akwai ziyolait nau'in Y, wanda aka fara sa wa katalis a farkon shekarun 1960 ya kuma ɗaga yawan fetur ɗin da ake samu ƙwarai. Shi ne mai yin ainihin aikin, kuma gininsa kamar saƙar zuma yake, cike da kafofi masu guraben asid, sai dai bakin kowace kafa bai kai nanomita ɗaya ba. Manyan dunƙulen guggubi ba sa iya shiga irin wannan ƙofa. Saboda haka ake haɗa shi da alumina mai manyan kafofi, wadda ke fara sassare dunƙulen zuwa gutsattsarin da ziyolait zai iya karɓa, kamar yadda ake faskara gungume kafin a sa shi a murhu. Sai farar ƙasa ta kawolin da ke ba ƙwayar jiki da nauyi, sai kuma abin ɗauri da ke riƙe su kada su wargaje. Duk sanda na zo kan kawolin sai na tuna cewa muna da shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna gwada haɗa ziyolait daga na Ƙanƙara. Ina fatan in ga ranar da wannan aikin zai fita daga ɗakin gwaji ya shiga masana'anta.

Zaɓin farko da za ka yi shi ne rabon ziyolait da alumina. Idan ka ƙara alumina, baƙin man da ke saura a ƙasan hasumiya zai ragu, amma kok da busasshen gas, wato gas mafi rashin nauyi da daraja, za su ƙaru. Idan ka ƙara ziyolait, fetur zai yi yawa kok ya ragu, amma wani kaso na guggubin zai wuce ba a taɓa shi ba. Amsar tana wurin abin da ya ɗaure na'urarka: idan injin hura iska ya kai maƙurarsa ko murhu ya yi zafi, ba ka da sararin ƙara kok, komai son da kake yi wa rage baƙin mai. Zaɓi na biyu shi ne yawan lantanam da danginsa da ake sa wa ziyolait don ya jure zafi da tururi. Suna ƙara masa ƙarko da yawan fetur, amma suna rage ƙarfin oktan, wato ma'aunin ingancin fetur ɗin, da yawan gas ɗin furofilin da ake yin roba da shi. Farashinsu kuma ba ya hannunmu, domin a 2010 da 2011, da Sin ta taƙaita fitar da su, sai da matatun duniya suka koma neman katalis mai ƙarancinsu. Zaɓi na uku shi ne ko za ka haɗa da ƙarin ZSM-5, wani ziyolait mai ƙananan kafofi da ke sare wani ɓangare na fetur ya mayar da shi furofilin da butilin. Inda akwai masana'antar roba a gefen matata, kamar yadda yake a Lekki, wannan lissafi ne na kasuwa da za a riƙa sabuntawa: tan ɗin furofilin da tan ɗin fetur, wanne ya fi kawo kuɗi a wannan watan.

Gubobi da alamominsu

Nikel yana zama ne a inda ya sauka a bayan ƙwayar, ba ya rusa ziyolait, amma yana zare haidurojin daga man ya bar kok. Alamarsa ita ce haidurojin ya yi yawa a busasshen gas idan aka gwada shi da metan, kuma tun da haidurojin iska ce mara nauyi mai cin wuri, injin matsa gas ne ke fara kokawa. Ana magance shi da zuba ɗan sinadarin antimoni a cikin man, ƙarfen nan da aka daɗe ana dangantawa da kwalli, wanda ke haɗuwa da nikel ya dakushe shi, ko kuma a sayi katalis mai wata alumina ta musamman da ke kama nikel ta rufe shi. Ka zuba antimoni da awo, domin yana iya raunana sinadarin filatinam da ake sa wa murhu don ƙarasa ƙona iskar kabon monoksaid, yana kuma iya ƙara hayaƙin naitirojin.

Banadiyam ya fi mugunta. A cikin murhu yana komawa wani sinadari da ke narkewa a kusa da digiri 690, idan kuma ya haɗu da tururi sai ya zama asid mai yawo daga tsohuwar ƙwaya zuwa sabuwa yana rusa ginin ziyolait, rusawar da ba ta gyaruwa. Wannan ne hikimar murhu mai hawa biyu: a hawan farko ana ƙona ɓangaren kok ɗin da ke fitar da tururi a zafi mai sauƙi, a hawa na biyu kuma, inda zafin ya fi, babu tururi sosai da zai taimaki banadiyam. A cikin katalis ana sa masa tarko na magniziyam ko na lantanam da zai riƙe shi kafin ya kai ga ziyolait.

Sodiyam yana kashe guraben asid, idan kuma ya tarar da banadiyam sai su haɗa kai ɓarnar ta ninku. Ga matatar da ɗanyen manta ke zuwa ta jirgin ruwa, gishiri ba baƙo ba ne, don haka na'urar wanke gishiri da ke gaban hasumiyar farko ita ce katangar katalis ɗinka, ko da yake wasu ma'aikata ne dabam ke kula da ita. A farkon aikina, a wata matata da ba a ƙasar nan take ba, mun yi makonni ƙarfin katalis yana sauka, muna ta ƙara sabo muna zargin kamfanin da ya sayar mana. Daga baya aka gano cewa abokan aikinmu na hasumiyar farko sun ƙara yawan soda da suke zubawa don hana bututunsu tsatsa, sodar kuma tana gangarowa cikin guggubi ta iso gare mu. Alƙaluman sodiyam suna nan a kowace takardar gwaji da aka aiko mana, suna hawa a hankali, amma babu wanda ya jera su ya duba, har da ni. Har yau abin yana damuna, domin tan ɗin da muka yi asara ba kaɗan ba ne, kuma tambaya ɗaya a ɗakin shan shayi da ta wadatar.

Baƙin ƙarfe da kalsiyam nasu salon dabam ne. Suna narkewa su yi wa bayan ƙwayar wani rufi mai ƙuraje, su toshe ƙofofin shiga, ciki kuwa lafiya lau. Idan ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a ƙasan hasumiya alhali gwaji ya nuna ziyolait bai rushe ba, nauyin garin a mudu guda kuma yana raguwa, to ka nemi baƙin ƙarfe. Naitirojin shi ne mai sauƙi a cikinsu, domin yana toshe guraben asid ne na zagaye ɗaya, ya ƙone a murhu.

Lissafin kullum

Garin da ke zagayawa a na'ura cakuɗe ne na ƙwayar da ta shiga jiya da wadda ta yi watanni, launinsa toka-toka. Kowace rana ana zuba sabo a cire tsoho, kuma yawan da za a zuba ba ra'ayi ba ne, lissafi ne da za ka iya yi a bayan takarda. A matsayin misali, a ce na'urarka tana cin tan 10,000 na guggubi a rana, a kowane tan kuma akwai giram 10 na nikel da banadiyam. Kilo 100 na ƙarfe ke nan yake sauka a kan katalis kowace rana, kuma kusan dukkansa a nan yake zama. Idan kana son kada ƙarfen ya wuce kilo 5 a kowane tan na gari, dole ka zuba tan 20 na sabo a rana. Idan aka kawo ɗanyen man da ya ninka ƙarfen, ko ka zuba tan 40, ko ka yarda garinka ya ɗauki kilo 10 a tan tare da duk abin da zai biyo baya. Ka yi wannan lissafin tun kafin jirgin ɗanyen man ya taso, ka kai wa masu saye, domin ɗanyen mai mai araha yakan karɓe rangwamensa a wurin katalis. Wasu matatun suna sayen tsohon gari mai ƙarancin ƙarfe daga wata matata su haɗa da sabo don tsarma gubar da sauƙin kuɗi, kuma dabara ce mai kyau idan an gwada abin da aka sayo. Ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin awa 24, domin zuba na yini guda a lokaci ɗaya yana girgiza zafin murhu.

Aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako ka ɗebi samfurin garin a aika gwaji, a auna ƙarfinsa, da faɗin filin ziyolait da na alumina kowanne daban, da ƙarafan, da nauyinsa, da rabon girman ƙwayoyin. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali ƙananan ƙwayoyin da ba su kai maikiron 40 ba su ne ke sa garin gudana lami lafiya. Idan suka ɓace, garin yana tafiya da tsalle a bututu, idan kuma ka ga suna fita ta bututun hayaƙi ko a cikin baƙin mai, to ko dai na'urorin da ke tare ƙura sun huje, ko tururi mai ƙarfi yana niƙa garin a wani wuri. Kada ka karanta takarda ɗaya ita kaɗai. Ka zana kowane adadi a jere na watanni, ka rubuta a gefe ranar da aka sauya ɗanyen mai.

Idan za a sauya katalis zuwa na wani kamfani, ka nemi a gwada shi da guggubinka, bayan an tsufar da shi da tururi da ƙarafa daidai da na na'urarka, domin sabon gari kowanne gwani ne. Sannan ka yi haƙuri. Idan kana sabunta kashi 2 cikin ɗari na garin a rana, sai an yi kimanin kwana 35 kafin rabinsa ya zama sabon nau'in, kwana 80 kafin ya kai kashi 80, saboda duk abin da ka cire yana tafiya da ɗan sabon da ka zuba. Hukuncin da aka yanke a mako na biyu hukunci ne a kan tsohon gari.

Hanyar haidurojin

Wannan hanyar ta samo asali ne daga aikin Bajamushe Friedrich Bergius, wanda ya mayar da kwal mai ta hanyar matsa masa haidurojin tun 1913. Katalis ɗinta kama yake da gutsattsarin taliya, alumina ce ɗauke da molibdenam tare da kobalt ko nikel, mai kobalt shuɗi, mai nikel kore-kore. Ana aiki da shi a zafin digiri 350 zuwa 420 da matsin da ya ninka na iskar duniya sau ɗari ko fiye. Ba a cika tukunyar da nau'i ɗaya. A sama ana sa mai manyan kafofi da ƙarancin ƙarfi don ya kwashe ƙarafa ya adana su a cikinsa, a tsakiya mai cire salfa, a ƙasa mai ƙananan kafofi da ƙarfi sosai don rage karbon da naitirojin. Wanda ya rage na sama don ya ƙara na ƙasa zai ji daɗin watannin farko, sannan banadiyam ya toshe kafofin na ƙasan mai tsada.

Kafin a sa masa guggubi dole a busar da shi, a kuma shayar da shi salfa, domin a siffar salfaid yake aiki. Ana yin haka da mai mara nauyi da sinadarin DMDS mai ɗauke da salfa, ana ɗaga zafi mataki-mataki, kuma ba a wuce matakin farko sai an ga iskar haidurojin salfaid ta ɓullo a ƙarshen tukunyar. Idan aka yi gaggawar ɗaga zafi cikin haidurojin tsantsa, ƙarafan za su sauya zuwa siffar da ba ta karɓar salfa da kyau, a yi asarar ƙarfin da ba zai dawo ba. Daga nan ana ɗan ƙara zafi lokaci-lokaci don cike gurbin tsufa, har a kai iyakar da ƙarfen tukunyar ya yarda da ita ko matsin da ke tsakanin sama da ƙasa ya yi yawa, galibi cikin shekara guda ko makamancin haka. Idan ƙarafan guggubi sun haura giram ɗari da ɗoriya a tan, ana komawa ga tukunya mai tafasa irin ta H-Oil ko LC-Fining, inda ake zuba sabo a cire tsoho ana cikin aiki, ko tsarin da ake narkar da katalis ɗin a cikin man kansa, irin wanda kamfanin Eni ya fara a Sannazzaro ta Italiya a 2013.

A wurin sauke tsohon katalis na wannan hanyar ne ake rasa rayuka. Yana iya ɗumama kansa ya kama wuta idan ya sha iska, shi ya sa ake cika tukunyar da naitirojin, naitirojin kuma ba shi da wari, numfashi kaɗan ya isa ya kayar da mutum. Kada ka leƙa bakin tukunyar ko da na daƙiƙa ɗaya ne, kada kuma ka bi wanda ya faɗi ciki ba tare da kayan numfashi da izini ba. Idan akwai nikel kuma akwai kabon monoksaid yayin da tukunyar ke hucewa, guba mai kisa da ake kira nikel kabonil tana iya samuwa, don haka sai an auna an tabbatar kafin a sauke zafi.

Katalis ɗin duka hanyoyin biyu ta tashar jiragen ruwa yake shigowa, kuma duk wanda ya taɓa jiran kwantena a Apapa ya san ba a dogara da ranar da aka faɗa. Ka ajiye na makonni da dama a rumbu, ka lissafa shi da mafi dattin ɗanyen man da za a iya kawo maka. Damshin Legas yana shiga duk abin da aka bari a buɗe: garin RFCC da ya sha raɓa yana dunƙulewa ya toshe bututun zubawa, na haidurojin kuma idan ya jiƙe yana iya farfashewa ranar da aka ɗumama shi. A bar durom a rufe, a kan katako, a ƙarƙashin rufi, kuma kada a yi lodin tukunya ana ruwa sai da rumfa.

Tsohon katalis na haidurojin ana rufe shi a durom a aika wa kamfanonin da ke ciro molibdenam da banadiyam da nikel daga ciki. Na RFCC kuma, tun da silika da alumina ne mafi yawansa, masana'antun siminti kan karɓe shi bayan an gwada ƙarafansa. Da damina za ka sami masu roƙon a ba su shi su cike ramukan hanya ko harabar gareji, domin a ido yashi ne mai laushi. Kada ka bayar, saboda nikel da banadiyam da antimonin da ya kwasa suna nan a jikinsa, ruwan sama zai bi da su cikin kwata zuwa tafkin da masunta ke kamun kifi, idan rani ya yi kuma ƙurarsa ta tashi yaran mota su shaƙa.